Yadda Ake Jinyar Ciwon Fargaba da Ciwon Damuwa a Wajen Matasa

Iyaye da yawa sukan fara lura da abin ne daga ƙananan canje-canje. Yarinyar da ta saba shirin makaranta da murna ta koma kullum da safe tana kukan ciwon ciki, ko kuma yaron da ba ya rabuwa da abokansa ya koma zaman ɗaki, ga saurin fushi, ga kwana ido biyu, ga sakamakon jarrabawa da ke ta yin ƙasa. Abin da akan fara faɗa shi ne ƙuruciya ce, za ta wuce, kuma sau da yawa takan wuce ɗin. Sai dai Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya daga cikin kowane matasa bakwai masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata larura ta lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma ciwon fargaba da ciwon damuwa suna sahun gaba a cikinsu. Na rubuta wannan bayani ne domin iyaye da malamai da duk wanda ke riƙon matashi, kuma duk inda na ce matashi ina nufin namiji ko mace.

Akwai abu ɗaya da nake so ku riƙe tun daga farko, domin sauran bayanin duka a kansa ya dogara. Cututtukan nan biyu, duk da bambancinsu, shawara ɗaya suke ba wanda suka kama, wato ya janye. Fargaba tana ce masa ya guji abin da yake tsoro, damuwa kuma tana ce masa babu amfanin yin komai, gara ya kwanta. Duk lokacin da ya bi wannan shawara yakan sami sauƙi na ɗan lokaci, amma ciwon ya ƙara ƙarfi, harkokinsa kuma su ƙara raguwa. Saboda haka jinya, ko ta magana ce ko ta ƙwayar magani, manufarta ita ce a mayar da matashin cikin rayuwarsa sannu a hankali, ya koma ga makarantarsa da abokansa da barcinsa da abubuwan da a da yake jin daɗinsu.

A fara gane ko ciwo ne

Baƙin ciki da tsoro ba ciwo ba ne a kan kansu. Matashin da ya faɗi jarrabawa ko ya rasa kakarsa dole ya shiga damuwa, kuma wanda zai tsaya gaban aji ya yi magana dole gabansa ya faɗi. Likitoci suna duban tsawon lokacin da abin ya ɗauka, da tsananinsa, da kuma ko ya fara hana matashin gudanar da harkokinsa. Ana zargin ciwon damuwa idan aka yi aƙalla mako biyu, kusan kullum, yana cikin ƙunci ko ya daina jin daɗin abubuwan da ya saba so, tare da wasu alamomi kamar canjin barci, da raguwa ko ƙaruwar cin abinci, da kasala, da rashin iya mai da hankali, da ganin kansa ba shi da wata daraja, da tunanin mutuwa. Inda iyaye suka fi ruɗewa shi ne, a wajen matasa ciwon yakan fito da fuskar fushi da ƙufula maimakon kuka, har a ɗauka rashin kunya ce a hukunta yaro a kanta. Bayan balaga kuma, 'yan mata sun ninka samari kusan sau biyu wajen kamuwa da shi.

Ciwon fargaba kuwa iri-iri ne. Akwai mai zullumi a kan komai, karatu da lafiyar iyaye da abin da gobe za ta haifar, wata da watanni bai iya kashe tunanin ba. Akwai mai tsoron idon jama'a, wanda yake ganin kowa jira yake ya yi kuskure a yi masa dariya, har ya ƙi amsa tambayar da ya san amsarta. Akwai kuma wanda firgici ke auka masa kwatsam, zuciya ta yi ta dukan uku-uku, numfashi ya sarƙe, gumi ya karyo, ya tabbata mutuwa zai yi, sannan cikin 'yan mintoci abin ya lafa. Da yawansu ba sa cewa tsoro suke ji, ciwon kai ko ciwon ciki suke kawowa, musamman a ranakun makaranta. Ciwon na gaske ne, jiki ne ke ɗaukar nauyin abin da ke cikin zuciya. Kuma akan sami cututtukan biyu a wajen mutum ɗaya, yawanci fargaba ce ke riga zuwa, damuwa ta biyo bayanta.

Zaman farko, da tambayar da babu mai son yi

Kafin a kai ga likita, ku ne za ku fara magana da shi. Ku zaɓi lokacin da babu kowa, ba lokacin da ake tsakiyar faɗa ba, kuma ku sani matasa sun fi sakin baki idan ana tafiya tare ko ana wani aiki, fiye da a zaunar da su ido cikin ido. Ku fara da abin da kuka gani, ban da zargi: "'Yata, na lura kwana biyu ba kya samun barci, kuma kin daina zuwa wajen ƙawayenki. Ba faɗa zan yi miki ba, so nake in ji abin da ke damunki." Daga nan sai ku yi shiru ku saurara. Wannan shirun ya fi komai wuya ga uba ko uwa, domin zuciya tana so ta yi gaggawar kawo mafita, ko ta tuna wa yaro cewa babu abin da ya rasa. Kalamai irin su "me aka rage ka da shi?" ko "ka daure, kai fa namiji ne" da kyakkyawar niyya ake faɗarsu, amma abin da matashin ke ji shi ne ba a yarda da shi ba, sai ya ƙara kame bakinsa. Wannan ciwo ba lalaci ba ne, ba shagwaɓa ba ce, kuma ba raunin imani ba ne. Idan bai ce komai ba a ranar farko, ku gaya masa duk ranar da ya shirya kuna nan, sannan ku sake tuntuɓarsa bayan kwana biyu.

Akwai tambayar da dole a yi, kuma a yi ta kai tsaye ba tare da kwana-kwana ba: "Ɗana, wani lokaci idan mutum ya shiga irin wannan ƙunci yakan ji gara ma ya mutu. Kai ma ka taɓa jin haka? Ka taɓa tunanin kashe kanka?" Na san yadda wannan magana ke da nauyi a bakin iyaye, kuma na san tsoron da ake ji cewa tambayar za ta sa masa tunanin da babu shi a da. Bincike ya sha nuna cewa ba haka ba ne, tambayar ba ta dasa tunanin, kuma wanda ke ɗauke da shi yakan ji sanyi a ransa idan ya sami wanda zai faɗa wa. Kisan kai yana cikin manyan dalilan mutuwar masu shekara 15 zuwa 29 a duniya, don haka kunya ko tsoro ba su isa su hana wannan tambaya ba.

Idan ya ce e, kada ku yi ihu, kada ku yi masa wa'azi a wannan lokacin, kuma kada ku nuna masa ya ba ku kunya. Ku gode masa da ya faɗa muku, sannan ku tambaya ko ya tsara yadda zai yi, ko ya tanadi wani abu, ko ya taɓa gwadawa. Idan akwai tsari, ko an taɓa yin yunƙuri, ko yana jin muryoyin da babu mai jin su sai shi, ko ya daina ci da sha, to a kai shi sashen gaggawa na asibiti a ranar, kuma kada a bar shi shi kaɗai. Malamin da ɗalibi ya gaya wa irin wannan magana bai kamata ya yi alkawarin ɓoye ta ba, sai dai ya gaya wa ɗalibin wanda zai sanar da kuma dalili.

Sannan a kawar da abubuwan da za a iya cutar da kai da su: magungunan gida duka, har da na ciwon kai, da maganin ƙwari da na ɓera, da makamai, a kulle su inda ba zai kai gare su ba. Wasu na ganin wannan ba shi da amfani, wai wanda ya yi niyya zai nemi wata hanya. Gaskiyar ita ce tsananin wannan tunani yakan zo ne ya wuce cikin mintoci ko sa'o'i, kuma idan babu abu mai kisa a kusa a wannan ɗan lokaci, yawanci mutum yakan tsira. A Siri Lanka, bayan an haramta magungunan ƙwari mafiya guba, adadin kisan kai ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100 tsakanin 1995 da 2015. Yana da kyau kuma a rubuta takardar kariya tare da likita, wadda za ta ƙunshi alamomin da ke nuna masa hadari ya taso, da abin da zai yi ya kwantar da kansa, da mutanen da zai kira, da inda za a garzaya. Matashin da ke yanka ko ƙona jikinsa shi ma a kai shi ga likita, domin sau da yawa hanya ce da ya samu ta rage zafin da ke ransa, kuma cewa neman a kula shi kawai yake yi babban kuskure ne.

Abin da za a tarar wajen likita

Ba lallai ba ne a fara da likitan ƙwaƙwalwa, likitan yara ko likitan da ke duba kowane irin ciwo na iya fara dubawa ya tura gaba. Zai duba ko akwai ciwon jiki da ke kwaikwayon waɗannan alamomi, kamar ƙarancin jini ko matsalar tayirod, wata 'yar gaɓa da ke gaban wuya, kuma zai tambaya game da barasa da wiwi da sauran kayan maye da yawan shan abubuwa masu sinadarin kafeyin, waɗanda kan tayar da bugun zuciya da fargaba. Akwai gajerun takardun tambayoyi, irin su PHQ-9 mai tambaya tara na damuwa da GAD-7 mai tambaya bakwai na fargaba. Ba su ke yanke hukunci ba, amma suna ba da maki da za a riƙa aunawa da shi a ga ko jinya na aiki. A 2022 kwamitin ƙwararrun Amurka mai ba da shawara kan rigakafi ya ce a riƙa tantance fargaba a wajen masu shekara 8 zuwa 18, damuwa kuma a wajen masu 12 zuwa 18, ko da ba su kawo ƙorafi ba.

Ku yarda likita ya gana da matashin shi kaɗai na wasu mintoci, kada ku ji an raina ku. Akwai abubuwan da ba zai iya faɗa a gabanku ba, kamar cin zali a makaranta, ko tozartawa a intanet, ko cin zarafi daga wani babba, kuma idan irin wannan ne tushen ciwon, babu jinyar da za ta yi aiki sai an tsayar da shi. Ku ma ku faɗi gaskiya game da tarihin iyali. Idan akwai wanda ya taɓa fama da ciwon baifola, wato wanda yakan kwana da kwanaki ba barci yana cike da kuzari da surutu sannan ya faɗa cikin ƙunci, lallai likita ya sani, domin maganin damuwa na iya tayar da wannan ciwo ga mai ɗauke da shi.

Tsananin ciwon ne ke nuna mataki na gaba. Idan mai sauƙi ne, akan fara da bayani da goyon baya da gyaran barci da harkokin yau da kullum, a sake dubawa bayan kamar mako biyu. Idan matsakaici ne ko mai tsanani, sai a shiga jinya ta magana, wani lokaci tare da ƙwaya.

Jinya ta magana

Hanyar da aka fi gwadawa a bincike ita ce jinyar gyaran tunani da ɗabi'a, wadda ƙwararru ke taƙaitawa da CBT. Likitan ƙwaƙwalwa Aaron Beck ne ya aza harsashinta a Amurka cikin shekarun 1960. Yawanci zama ne na mako-mako, kamar 12 zuwa 16, kuma ba hira ce kawai ba, koyon aiki ne mai ɗauke da aikin gida. Matashi yana koyon kama tunanin da ke faɗo masa, irin su "kowa ya tsane ni" ko "tunda na faɗi wannan jarrabawar rayuwata ta ƙare", ya tambayi kansa mene ne hujjar hakan, mene ne hujjar akasinsa, kuma me zai ce wa abokinsa da ya zo masa da irin wannan magana. Ba ana koya masa ya yaudari kansa cewa komai lafiya ba ne, ana koya masa ya auna abu daidai da girmansa.

A ciwon fargaba, ɓangaren da ya fi kowane muhimmanci shi ne fuskantar abin tsoro mataki-mataki. A ɗauki yarinyar da ke tsoron magana a aji. Ita da mai jinyar za su rubuta abubuwan da take gudu, ta ba kowane maki daga 0 zuwa 10 gwargwadon tsoron da yake ba ta, a jera su kamar tsani. Gaishe da ɗaliba guda da safe wataƙila maki 3 ne, yi wa malama tambaya bayan an tashi maki 5, karanta jimla ɗaya a cikin ƙaramin rukuni maki 6, ɗaga hannu a gaban kowa maki 8, tsayawa ta yi bayani na minti biyar maki 10. Ana farawa daga ƙasa, a maimaita mataki ɗaya sau da yawa har ya zama ba komai ba, sannan a hau na sama. Kafin kowane gwaji takan faɗi abin da take zaton zai faru, bayansa kuma a duba abin da ya faru a zahiri. Ta haka ƙwaƙwalwa ke koyon cewa abin da ake tsoro yawanci ba ya faruwa, kuma ko ya faru ana iya jure shi. Wani lokaci ma akan sa ta yi ɗan kuskure da gangan don ta ga babu abin da ya same ta. Mai firgici kuwa akan sa shi ya hau bene da gudu a gaban mai jinya, domin ya saba da bugun zuciya ya gane ba alamar mutuwa ba ce. Idan an yi makonni ana jinyar fargaba ba a taɓa maganar irin wannan tsani ba, kuna da haƙƙin tambayar dalili.

A nan ne aikin iyaye ya fi wuya, domin tausayi kansa na iya ciyar da ciwon. Uwar da ke amsa tambaya ɗaya sau ashirin a rana don ta kwantar wa ɗanta hankali, da uban da ke magana a madadin 'yarsa a duk inda suka je, da gidan da ya bar yaro ya zauna duk ranar da ya ce ba zai iya zuwa makaranta ba, dukansu ƙauna ce ta sa su. Amma saƙon da matashin ke karɓa shi ne lallai abin akwai hadari, kuma shi ba zai iya ba. Masanin halayyar ɗan Adam Eli Lebowitz na Jami'ar Yale ya tsara jinyar da iyaye kaɗai ake koya wa rage irin wannan sassauci, kuma gwaji ya nuna fargabar yaran ta ragu ko da su ba su zauna da mai jinya ba. Abin da ake koya wa iyaye shi ne su haɗa abubuwa biyu a magana ɗaya, yarda da abin da yaro ke ji da kuma nuna masa an amince da ƙarfinsa: "Na san abin nan yana ba ki tsoro sosai, kuma na tabbata za ki iya jurewa." Ana zaɓar sassauci ɗaya a rage, a sanar da yaro tun kafin a fara, ba a cire komai rana ɗaya ba. Tilastawa da tsawa da duka kuwa ba fuskantar tsoro ba ce, ƙara tsoro ce a kan tsoro. Game da ƙin zuwa makaranta, duk kwanan da aka ƙara a gida komawa na ƙara wuya, don haka gara ya je ya yi awa ɗaya ya dawo da ya ƙi zuwa gaba ɗaya.

A ciwon damuwa kuma, akwai dabarar da ake kira farfaɗo da ayyuka. Mai damuwa yana jira ya ji sha'awa kafin ya yi abu, alhali a wannan ciwo sha'awar ba ta zuwa sai bayan an fara aikin. Don haka akan tsara ƙananan abubuwa a rubuce da rana da lokaci, kamar tattaki na minti goma, ko kiran aboki ɗaya, ko komawa ga zane ko ƙwallon da ya bari, ya yi ko da ba ya jin yi, sannan ya rubuta yadda ya ji bayansa. Idan ciwon ya samo asali ne daga rasuwa, ko saɓani da iyaye, ko sauyin makaranta, ko kaɗaici, akwai jinyar gyaran mu'amala wadda aka daidaita domin matasa, ita ma kamar zama 12 ce.

Maganar ƙwaya

Iyaye da yawa suna tsoron magungunan ƙwaƙwalwa, kuma tsoron ya cancanci amsa da hujja. Rukunin da ake ba matasa shi ne wanda ake kira SSRI, masu aiki a kan serotonin, wani sinadari da ke cikin ƙwaƙwalwa. A ciwon damuwa, fuloksetin, wanda aka fi sani da sunan kasuwa Prozac, shi ne na farko, domin shi ya fi samun hujja a wannan shekaru. A wani babban gwaji da aka buga a Amurka a 2004, mai suna TADS, an raba matasa 439 masu shekara 12 zuwa 17 gida huɗu. Bayan mako 12, kashi 71 cikin 100 na waɗanda aka haɗa wa fuloksetin da CBT sun sami sauƙi sosai, sai kusan 61 na masu ƙwaya kaɗai, da 43 na masu CBT kaɗai, da kusan 35 na waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta. Zuwa mako na 36 masu CBT kaɗai sun kamo masu ƙwaya kaɗai, wato ƙwaya ta fi sauri, amma jinya ta magana ma tana kai wa. A fargaba kuma, gwajin CAMS na 2008 da ya ƙunshi yara 488 masu shekara 7 zuwa 17 ya gano cewa kusan 81 cikin 100 sun sami sauƙi da haɗin CBT da sataralin, wanda ake sayarwa da sunan Zoloft, sai kusan 60 da CBT kaɗai, da 55 da ƙwaya kaɗai, da kusan 24 da ƙwayar da babu magani.

Akwai gargaɗin da bai kamata a ɓoye muku ba. A 2004 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa a rubuta babban gargaɗi a kan waɗannan magunguna, bayan nazarin gwaje-gwaje ya nuna cewa kusan 4 cikin 100 na yaran da suka sha su sun sami tunani ko yunƙurin kashe kai, idan aka kwatanta da 2 cikin 100 na waɗanda ba su sha maganin gaske ba. Babu yaron da ya mutu ta hanyar kisan kai a cikin waɗannan gwaje-gwaje. A ganina, wannan ba dalilin ƙin magani ba ne ga wanda ciwonsa ya yi tsanani, tunda damuwar da ba a yi jinyarta ba ita kanta babban hadari ce. Dalili ne na sa ido sosai, musamman a makonnin farko da duk lokacin da aka canza yawan maganin. Ya kamata a riƙa tuntuɓar likita kowane mako a watan farko, kuma idan kuka ga rashin natsuwa da ba a saba gani ba, ko kasa zama wuri ɗaya, ko rashin barci mai tsanani, ko sabon zancen mutuwa, ku kira shi a ranar.

Akan fara da ƙaramin adadi a ƙara a hankali. Tashin zuciya da ciwon kai da canjin barci kan zo a kwanakin farko kuma yawanci su wuce, amfanin kuwa ba ya bayyana sosai sai bayan mako 4 zuwa 6, kuma a wannan tazarar ce mutane da yawa ke yanke ƙauna su daina. Babba ne ya kamata ya riƙe maganin, ya ba da na kowace rana. Waɗannan magunguna ba sa sa maye, amma dainawa kwatsam na iya kawo jiri da ƙufula da rashin barci, don haka likita ne ke rage su a hankali cikin makonni. Kada a saya ba tare da likita ya rubuta ba, kuma kada a ba yaro na wani babba da ke gida. Tsofaffin magunguna irin su amitiriftilin ba su nuna amfani a wajen yara ba, kuma suna da hadari ƙwarai idan an sha da yawa. Masu sa barci irin su diyazefam kuwa suna kama jiki kuma ba sa warkar da fargaba. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shirya wa ma'aikatan lafiya waɗanda ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba ta ce kada su ba yaron da bai kai shekara 12 ba maganin damuwa.

Gida da makaranta

Matashi mai shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, kuma tashi a lokaci ɗaya kowace rana, da fitar da waya daga ɗakin kwana da dare, suna cikin gyare-gyaren da suka fi saurin nuna tasiri. Ƙwace wayar gaba ɗaya a matsayin horo kuwa na iya yanke shi daga 'yan abokan da suka rage masa. Motsa jiki yana taimakawa, kuma ko da ba a kai minti 60 a rana da ake so ga masu wannan shekaru ba, kaɗan ɗin ma a fara da shi. A nemi malami guda da matashin ya yarda da shi, a shirya rage masa aiki na wani lokaci, tare da sanin cewa manufar ita ce ya koma daidai da sauran. Idan uwa ko uba na fama da irin wannan ciwo, su ma su nemi jinya, domin bincike ya nuna yara kan sami sauƙi idan damuwar mahaifiyarsu ta warke.

Idan ba a ga canji ba, da bayan an sami sauƙi

Idan an yi mako 6 zuwa 8 ana jinya yadda ya kamata ba a ga motsi ba, a koma a sake nazari: shin ana shan maganin kullum, shin ana yin aikin gida, shin akwai kayan maye ko cin zali da ba a gano ba, shin ganewar farko daidai ce. Rashin dacewa da magani na farko ba ya nufin babu mafita. A gwajin TORDIA na 2008, cikin matasa 334 da maganin farko bai yi musu aiki ba, kusan 55 cikin 100 sun sami sauƙi da aka canza musu magani aka haɗa da CBT, yayin da kimanin 40 suka samu da canjin magani kaɗai.

Bayan alamomi sun tafi, ana ci gaba da maganin aƙalla wata 6 kafin a fara ragewa, domin dainawa da wuri na cikin manyan dalilan dawowar ciwon, kuma ya fi kyau a zaɓi lokacin da babu jarrabawa ko ƙaura ko wani babban sauyi. Kafin a rufe jinya, matashin da mai jinyar su rubuta alamomin da suka fara bayyana a wajensa shi kansa a karon farko, ko barci ne ya fara lalacewa, ko amsa kiran abokai ya daina, ko ciwon cikin safiya ne ya dawo, tare da dabarun da suka fi yi masa aiki. A ajiye kwafi ɗaya wajensa, ɗaya wajen iyaye. Idan biyu ko uku daga cikin alamomin suka sake bayyana suka kwana biyu, a nemi ganin likita cikin wannan makon, ba sai an jira mako biyu sun cika ba.